Mudun da Na Auna wa Gwaggonki

Gwarzo,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Kawunki Sale da iyalinsa gaba ɗaya. Ki yi musu godiyar ɗawainiyar da suke yi da ke a kwanakin nan da kike jiran tashi. Mu nan lafiya lau, babanku yana sa miki albarka. Allah ya tsare ki a Kano, ya tsare ki a cikin jirgi, ya tsare ki a ƙasar da za ki sauka.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya a hannunki. Dalili shi ne, ke ce ta fari, ban saba zama da ke ina buɗe miki cikina ba, kuma duk lokacin da na kira ki da niyyar magana mai taushi, sai in ji bakina ya koma faɗa. Takarda ba ta da murya. Ki nemi wuri ki zauna ki karanta, ba a tsaye ba, ba kuma kina latsa waya da ɗaya hannun ba. Saura kwana takwas ki tashi, kuma akwai abin da ya hana ni sukuni.

Tun da aka ji cewa a gidan kula da tsofaffin Yahudawa za ki yi aikin jinya a Ingila, babu irin maganar da ban ji ba a unguwar nan. Ni ma ba zan ɓoye miki ba, da farko na tsorata. Babanku ne ya kwantar min da hankali, ya ce jinyar tsoho mara lafiya aikin lada ne ko ɗan wace al'umma ne, kuma tsohuwar da za ki juya a kan gado ba ita ce take yin abubuwan da muke ji a rediyo suna ƙona mana rai ba. Na yarda da wannan. Ki riƙe sallarki, ki riƙe suturarki, ki kula da abin da za ki sa a bakinki. A wannan ɓangaren ba na jin tsoro, na san tarbiyyar da na ba ki. Tsorona yana wani wuri dabam, kuma daga tarbiyyar da na ba ki ɗin ya fito.

Ina nufin abin da ya faru ranar Asabar a wajen walimar sallamarki. Gwaggonki Asabe ta taso daga Kabo a motar haya, da ƙafarta mai kumburi, ta zo miki da ƙulli a tsohuwar leda: kuka, da daddawa, da sassaƙen da ta ce maganin sanyi ne, domin an gaya mata ƙasar da za ki sanyi ne da ita. Tsakar gida cike da mata. Kika buɗe, kika kawar da hanci, kika ce, "Haba Gwaggo, wannan tarkacen ai a filin jirgi za a zubar da shi. A can asibiti ake zuwa, ba a jiƙa ɓawon itace." Ƙawayenki suka yi dariya. Ita ma ta ɗan yi murmushi, ta ce, "To, Ummin Baba, ai ban sani ba." Ta ɗaure ledarta, ta sa a ƙarƙashin mayafi. Kafin a raba abinci ta ce motar Kabo za ta wuce ta.

Da na yi miki magana washegari kika ce, "Inna, ai gaskiya na faɗa." Na tashi na koma madafa. Kin ɗauka fushi ne ya tashe ni. A'a. Muryata na ji a bakinki, da kalmata, har da yadda kika ɗaga haɓa. Shekara talatin ina kare kaina da wannan maganar.

Bayan kin tafi Kano na ga takardun da gidan tsofaffin ya aiko miki, waɗanda kika buga kika manta da su a kan akwatina. Na ce bari in ga abin da mutanen nan za su cusa wa 'yata a kai. Turancina na sakandare ya yi tsatsa, sai na ɗauka na shiga wurin maƙwabciyarmu Malama Rifkatu, tun da ita ta shekara da shekaru tana koyar da shi. Tun daga bakin ƙofa na ce, "Malama, kin gani ko? Tun a shafin farko sun rubuta hassada da manyan baƙaƙe, wai ita ce ginshiƙin gidansu." Ta karɓa, ta gyara tabarau, sai ta fashe da dariya har tana dafa bango.

"Maman Ummi, ke dai ba ki raina abin faɗa. Hesed aka rubuta. Yarensu ne. Alheri ake nufi."

"Alheri?"

"Alheri fa. Kin zo da gudu ki kama su da laifi, sai ga shi kin kama su da wa'azi. Zauna in karanta miki, amma ba ruwana idan ya taɓa ki."

Ya kuwa taɓa ni. Mun yi wuni biyu muna bi layi-layi. Ba ina cewa na fahimci addinin mutane daga shafi goma sha ba ne, kuma yawancin abin da na ji malamanmu sun daɗe suna faɗa mana irinsa. Amma abin da mutum ya saba ji yakan wuce ta saman kansa. Da na ji shi daga bakin waɗanda ban zata ba, sai ya shige ni.

Akwai wata kalma ta biyu da ta tsaya min a rai. Halin mutum suna ce masa midda, kuma takardar ta ce asalin ma'anar kalmar ma'auni ne. Da Malama ta furta ta sai na ji kamar ta ce mudu. A ganinsu kowane hali abin awo ne: magana, da kunya, da kyauta, da tsanani, har da gaskiya. Bai isa a ce kana da hali mai kyau ba, sai an duba nawa ka zuba, ga wa, kuma a gaban wa. Suna kuma cewa ba a haihuwar mutum da halinsa a gama, aiki ne da ake yi har a mutu. Ni kuwa duk rayuwata na ɗauka halina ya gama nuna, na sauran mutane ne yake buƙatar gyara.

To bari in gaya miki labarin mudu na gaske, wanda kin gani da idonki amma ƙila kin manta.

Kina da shekara shida mijin Gwaggonki Asabe ya rasu, daminar kuma ba ta yi kyau a wajensu ba. Ranar sunan ƙaninki ta zo, ta ja ni gefe wajen madafa, ta ce da ni a hankali, "Hajara, in da hali ki ɗan taimaka min da dawa, yaran nan tun jiya koko kawai suka sha." Rumbunmu a cike yake. Babanku ya riga ya ce duk abin da yayarsa ta nema a ba ta. Abin da ya kamata in yi shi ne in ce mata ta bari sai an watse, in cika buhu a aika mata. Ban yi haka ba. Na sa aka fito da dawar tsakar gida, a gaban matan suna, na ɗauko mudu. Ina awo ina ƙirgawa da ƙarfi. Kin san yadda ake awo a kasuwar garin nan, ana cika mudu har ya yi tudu a sama, a kuma ƙara gyara. Ni kuwa kowane mudu sai na sa tafin hannuna na shafe kansa. Ina yi ina wa'azi: mace ta koyi tattali, wanda bai adana a kaka ba shi zai yi roƙo a bazara, sana'ar hannu ba ta kashe kowa. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Na ba ta mudu goma sha biyu, kuma har mata suka yi ta cewa Hajara akwai zumunci.

Na tuna fuskarta. Asabe baƙa ce, amma ranar sai da na ga fuskarta ta yi fari-fari kamar an shafa mata toka. Ta ce, "Allah ya saka da alheri, amaryarmu." Kina zaune a kan turmi kina kallo. Tun daga ranar ba ta sake roƙona ko gishiri ba.

A takardun nan akwai wurin da aka gargaɗi ma'aikata kada su gyara wa tsoho kuskure a gaban mutane, ko su yi maganar ya ɓata shimfiɗarsa inda wani zai ji. An ce malamansu na dā suna kwatanta kunyata mutum a bainar jama'a da zubar da jininsa, domin jinin yana guduwa daga fuskar, ta koma fari. Da Malama ta karanta wannan sai na ce ta tsaya, zan sha ruwa. Ba ƙishirwa nake ji ba. Shekara ashirin ina lissafa ranar nan cikin ayyukana na alheri. Ashe na ba ta dawa na karɓe mata abin da ya fi dawa.

Saboda haka ki saurare ni. Za ki shiga cikin mutanen da komai nasu ya koma hannun wani. Wata tana da digiri, wani ya riƙe ma'aikata, yanzu sai an kai su bayan gida. Mutuncinsu ne kaɗai ya rage musu, shi ma a hannunki zai kasance. Idan tsohuwa ta yi fitsari a kwance, ki ja labule kafin ki buɗe baki. Idan ta kira ki da sunan 'yarta da ta mutu, ba dole ne ki gyara mata a gaban baƙi ba. Kada ki mayar da su abin hira a ɗakin hutun ma'aikata. Takardar ta ce a wurinsu maganar da ke zubar da darajar wani haramun ce ko da gaskiya ce, sai dai in akwai cutar da za a hana. Ki lura da wannan: ko da gaskiya ce. Mu ma haka aka koya mana game da gulma, amma ni na mayar da gaskiya sanda, na kuma miƙa miki ita.

Kuskurena na biyu ya fi kusa da aikinki. Kakarki Iya, wadda kika ci sunanta, ta yi shekara biyu a kwance bayan shanyewar ɓarin jiki, kuma ni na yi jinyarta. Ki tambayi kowa a dangin nan, ba wanda zai ce na gaza. Wanka sau biyu, kunu a kan lokaci, magani a kan lokaci, ɗakinta ba ya wari, ba ta taɓa yin gyambon kwanciya ba. Ina alfahari da haka. Amma ina shiga ne kamar mai zuwa sharar ofis. In ɗaga ta, in goge, in shimfiɗa, in fita. Idan ta soma labarin gidansu na Gude da yadda suke ɗebo ruwa suna 'yan mata, sai in ce, "Iya, na bar tukunya a wuta." Wata rana da hantsi na gama shafa mata mai, na miƙe, sai ta riƙe bakin zanina da hannunta mai lafiya. Bakinta a karkace ta ce, "Hajara, kin wanke ni tas. Da ma za ki zauna." Na ce ina zuwa. Ban dawo ba sai lokacin abinci. Ba ta sake neman in zauna ba, kuma kafin azumin shekarar ta rasu.

Wannan hesed ɗin da na karanta a matsayin hassada, abin da suke nufi da shi ke nan: alherin da mutum yake yi da jikinsa da lokacinsa da fuskarsa. Sun ɗora shi sama da sadakar dukiya, domin sadaka matalauci take isa, shi kuwa wannan mai kuɗi ma yana buƙatarsa, har mamaci ana yi masa da wanka da rakiya, alhali ba zai taɓa ramawa ba. Zama kusa da mara lafiya a wurinsu aiki ne mai zaman kansa, ba ƙarin da ake yi idan lokaci ya ragu ba. Na san za a ba ki mutane da yawa da agogo a hannu, ba na ce ki bar aiki ki zauna hira ba. Amma minti biyu a kan kujera, idonki a kan fuskar mutum ba a kan takardar magani ba, ba zai sa a kore ki ba. Ke ƙwararriya ce, kin fi ni iya wanke mutum tas. Abin da nake tsoro ke nan, ki zama irina da takardar shaida.

Kada ki ce min halinki ne, haka Allah ya yi ki. Ni ma haka nake cewa. Mutanen nan suna da wata dabara da ta ba ni sha'awa: mutum ya ɗauki hali ɗaya tak ya sa masa ido na mako guda, sannan ya koma wani, ya zagayo kuma. Suna cewa ka yi aikin kirki ko zuciyarka ba ta so, a hankali zuciyar za ta biyo hannun. Na ce bari in gwada da harshe. Na fara ranar Litinin. Ranar Talata da safe mai kawo mana itace ya kawo ɗanye, na wanke shi tas a ƙofar gida har maƙwabta suka leƙo. Malama Rifkatu ta ɗago kai ta katanga ta ce, "Maman Ummi, makon ya ƙare ke nan?" Na ji kunya, amma na sake farawa. Ina da shekara hamsin da biyu, ƙasar halina ta riga ta bushe. Ke taki da sauran danshi. Ki fara yanzu.

Ga abin da ya sa na rubuto. Takardar ta yi bayanin wata babbar ranar azuminsu, da yadda tsofaffin za su riƙa neman a kira musu 'yan'uwa a waya kafin ta zo. Dalili, sun yi imani cewa laifin da ke tsakanin mutum da Ubangiji tuba tana wanke shi, amma wanda ke tsakanin mutum da mutum ba ya goguwa sai ka je wurin mai haƙƙin da bakinka, in ya ƙi ka sake komawa. Wannan ai kin san shi tun kina Islamiyya. Ni ma na sani. Na yi istigfari a kan abubuwa da yawa, amma ban taɓa zuwa Kabo na ce, Yaya Asabe, ki yafe min mudun nan ba.

Jiya Laraba na shirya na tafi. Na same ta a kan tabarma a inuwar ɗakinta, ƙafar ta ƙara kumbura har ba ta shiga takalmi, numfashinta kuma ba ya min daɗin ji. Ta yi murna, ta sa aka dama min fura. Muka gaisa, muka yi maganar ruwan bana, muka yi maganar tsadar taki. Ta tambaye ni, "Ummin Baba ta tashi?" Na ce sai Juma'a ta sama. Ta ce, "Allah ya kai ta lafiya. Yarinya mai ƙoƙari." Da na ɗaga kai sai na ga ledar nan a rataye a ƙusa bayan ƙofarta, da ɗaurin da ta yi mata a gidanmu. Ba ta kwance ba, ba ta kuma zubar ba. Na buɗe baki zan nemi gafararta, sai na ji kaina ina yi mata faɗa a kan ta rage gishiri. Haka na taso na dawo. Duk hanya ina jin haushin kaina.

Ummi, shekara uku za ki yi kafin ki zo hutu, haka kika ce. Rai a hannun Allah yake, amma ke ma'aikaciyar jinya ce, da kin ga ƙafar nan da kin fahimci abin da nake tsoro. Ba na so ki wayi gari a wata ƙasa kina shafa wa tsohuwar wasu mai a baya, ana yaba miki, alhali taki tsohuwar ta tafi da abin da kika yi mata a ranta. Na san nauyin wannan. Iya ta bar min shi, kuma ba wurin da zan kai shi.

Ranar Litinin zan koma Kabo. Daga Kano ba tafiyar da za ta cinye miki wuni ba ce, na kuma yi magana da Kawunki, ya ce zai sa ki a mota. Kada ki ce min akwai sayayya ko haɗa kaya. Kada ki ce za ki kira ta a waya. A gaban mutane kika yi, ƙafarki ya kamata ta taka. Kada kuma ki zo mata da atamfa ko turare ki ce shi ke nan, wannan wani mudun ne kawai. Ki zo da jakarki da wuri a cikinta. Ki durƙusa, ki ce kin yi kuskure, ba tare da kin ƙara "amma" ba. Sannan ki roƙe ta ledar nan, ki karɓa da hannu biyu. Abin da ma'aikatan filin jirgi za su yi da ita, wannan tsakaninki da su ne, ba sai ta ji ba.

Ba zan sa ki yi abin da na kasa ba. Ni zan fara, a gabanki, domin a gabanki na yi. Kin ga yadda ake shafe kan mudu kina da shekara shida, ina so ki ga uwarki a durƙushe kafin ki bar ƙasar nan. Zan kasance a kan tabarmarta tun daga hantsi har la'asar. In kin zo, alhamdu lillahi. In ba ki zo ba, ni dai zan faɗi nawa, amma naki ba wanda zai iya faɗa miki shi, kuma duk motar da ta tsaya a bakin layin zan ɗaga kai.

Allah ya shirya min ke, ya tausasa harshenki fiye da nawa. Allah ya sa hannunki ya zama sanyi ga duk wanda za ki taɓa. Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin kanki, ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya, ya sa ki tarar da mu duka. Ki gaida Kawunki da mutanen gidan.

Sai na gan ki ranar Litinin, in Allah ya yarda.

Mahaifiyarki,
Hajara.